Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Iyaye Da Malaman Islamiyya Hausawa Mazauna Amurka, Kan Darasin Tarihin Da Ake Koya Wa 'Ya'yanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu dattawan al'umma, malamanmu na makarantun Asabar da Lahadi, Allah ya gafarta muku, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwana iyayen yara, ina miƙa gaisuwa ta girmamawa. Ya aiki, ya sanyi, ya ɗawainiyar iyali? Allah ya ƙara rufa mana asiri.

Takarda ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. 'Yata tana aji 7 a nan New York, ajin da ake fara koya musu tarihin Amurka tun daga tushe. A wasu jihohin, irin su Texas da Kalifoniya, sai a aji 8. Wata rana ta dawo da taswirar tekun Atilantika, an ja kibiyoyi uku a kai. Ta farko daga Turai zuwa Afirka, an rubuta bindigogi da tufafi da barasa. Ta biyu daga Amurka zuwa Turai, sukari da taba da auduga. Ta uku ta tashi daga gaɓar Afirka ta Yamma, a jikinta kalma ɗaya tak: bayi. Aikin gida shi ne ta haddace kayan da kowace kibiya ta ɗauka, kuma ta haddace tsaf. Da ta gama sai ta ɗora yatsa a gindin kibiya ta uku, ta ce, "Baba, nan ba kusa da ƙasarmu ba ne?"

Bayan 'yan kwanaki, a wajen wani suna, na kawo maganar a cikin maza. Wani babban yaya da nake ganin girmansa ya ce, "Ai tarihin Turawa ne wannan, ta ci jarrabawarta kawai ta wuce." Mutane da dama suka gyaɗa kai. Ban ja da shi a wurin ba, don taron farin ciki ne, amma maganar ta tsaya mini a rai. Yaya, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Yarinya 'yar shekara 12 tana zaune cikin aji, an nuna mata nahiyar iyayenta a matsayin wurin da ake lodin kaya, ta dawo gida ba wanda ya ce mata uffan. Shirun nan namu ma darasi ne, kuma shi za ta fi riƙewa. Ba na zargin malaman makarantar. Da yawansu suna iya ƙoƙarinsu, sai dai ƙarni uku ne za su ratsa cikin wata tara. Abin da ya rage namu ne.

Mu fara da gyaran bakinmu. Har yau wasunmu na cewa "Indiyawan daji", yadda muka taso muna ji wajen kallon finafinan kaboyi. Ina roƙon mu daina, musamman a gaban yara. Mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar nan suna da garuruwa da gonaki da sarauta. Kusa da inda birnin St. Louis yake a yau akwai kufan wani birni, Cahokia, wanda a wajajen shekarar 1100 mutum dubu 10 zuwa dubu 20 ke zaune a cikinsa, kuma tudun da suka tara da ƙasar da suka yi dako a kwanduna yana nan tsaye, tsayinsa kusan mita 30. A wannan jiha ta New York ƙabilu biyar sun ƙulla ƙawance da majalisa guda, ana kiran su Haudenosaunee, daga baya suka zama shida. Suna shuka masara da wake da kabewa wuri ɗaya: wake ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe laima. Duk wanda ya taɓa shuka wake a ƙarƙashin gero ya san waɗannan manoma ne na gaske.

Hajiya, wannan darasin a madafarki ma za ki iya bayar da shi. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, tattasai, attarugu, dankali, kabewa, duk manoman nahiyar Amurka ne suka fara noma su, sai bayan 1492 suka tsallako mana. Gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano asalinta daga Kudancin Amurka take. Namu ma sun tafi can tare da mutanen da aka kwasa: kuɓewa, riɗi, farin wake, dawa. Masu gonakin shinkafa na Carolina kuwa sun riƙa neman bayi daga yankunan Afirka ta Yamma da suka gwanance da noman shinkafa, don ilimin da ke kansu ake so.

Littafin yaranmu yakan buɗe labarin Ingilishi da Jamestown, a Virginia, inda maza da samari 104 suka sauka a 1607. Yunwar hunturun 1609 zuwa 1610 ta kusa ƙarar da su, mutum wajen 60 suka rage. Taba ce ta ceci garin, bayan da John Rolfe ya fara noma irin da Turai ke so a 1612. Taba kuwa amfanin gona ce mai cin hannu. To a nan nake so kowane uba ya tsaya da ɗansa a kan shekara ɗaya, 1619. A ƙarshen watan Yuli na shekarar aka zauna majalisar wakilai ta farko a Virginia, wadda ake alfahari da ita a matsayin tushen mulkin jama'a a ƙasar nan. A ƙarshen watan Agusta, wata ɗaya tsakani, jirgin ruwa mai suna White Lion ya tsaya a Point Comfort da 'yan Afirka ashirin da 'yan kai, mutanen yankin Angola da aka ƙwato daga wani jirgin 'yan Fotugal, aka musanya su da abinci. 'Yanci da bauta tagwaye ne a tarihin Amurka, tare aka haife su, tare suka girma. A 1662 majalisar nan ta Virginia ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa: in baiwa ce, shi ma bawa ne, ko da ubangidan ne ya haife shi. Yaron da ya gane wannan doka ya gane yadda bauta ta zama gado kuma ta manne wa launin fata, abin da har yau yake ganin inuwarsa a titi ba tare da ya san mafarinsa ba.

Haka labarin bikin godiya na watan Nuwamba, wanda mu ma muke sayen talotalo mu tara iyali. Ana gaya wa yara cewa mutum 102 sun zo a jirgin Mayflower a 1620, kusan rabinsu suka mutu a hunturun farko, sai wani ɗan ƙasar, Tisquantum, ya koya musu shuka masara. Ku tambayi yaranku: a ina ya iya Turanci? Amsar ita ce wani kyaftin ɗan Ingila ya sace shi a 1614, ya kai shi Sifaniya don sayarwa. Da ya samu ya dawo, ya tarar annoba ta share garinsu kaf, kuma a kufan garin nan nasa baƙin suka kafa Plymouth. Sarkin da ya zo liyafar 1621 da mutanensa 90, Massasoit, ɗansa Metacom ne aka kashe a yaƙin 1675 zuwa 1676, aka kafe kansa a kan sanda a Plymouth ɗin, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi. Ban ce a hana yara murnar hutu ba. Na ce su san labarin har ƙarshensa.

Allah ya gafarta malamai, yanzu na zo inda na fi buƙatar ku. A cikin kibiyar nan ta uku akwai almajirai da mahaddata, masu suna da asali, kuma wasunsu sun bar rubutu.

Akwai Ayuba Sulaiman Jallo, Bafillace daga Bundu, a ƙasar Senigal ta yau, ɗan babban malami. A wajajen 1730 mahaifinsa ya aike shi bakin kogin Gambiya ya sayar da bayi biyu, ya sayo takarda. A hanyar dawowa aka kama shi, aka aske masa kai da gemu don ya yi kama da ganimar yaƙi, aka sayar da shi ga kyaftin ɗin da ya yi ciniki da shi kwanaki kaɗan da suka wuce. Ya aika wa mahaifinsa saƙo, amma kafin fansa ta iso jirgi ya tashi. Aka kai shi Maryland, gonar taba a tsibirin Kent, daga baya aka mayar da shi kiwon shanu. Idan lokacin salla ya yi sai ya shiga daji ya yi. Wani yaro Bature ya riƙa bin sa yana masa ba'a, yana watsa masa ƙasa a fuska. Ya gudu, aka kama shi, aka kulle. A gidan yarin ne wani lauya, Thomas Bluett, ya ga yana rubutu da Larabci, yana ambaton Allah da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka miƙa masa giya ya ƙi karɓa. Wasiƙar da ya rubuta wa mahaifinsa da Larabci ta faɗa hannun James Oglethorpe, wanda ya kafa Jojiya, daga nan hanyar fansarsa ta buɗe. Ya isa Landan a 1733, ya rubuta Alƙur'ani da ka har sau uku, aka zana hotonsa sanye da farar riga da rawani, da ɗan littafi rataye a wuyansa. A 1734 ya koma Gambiya, a can labari ya same shi cewa mahaifinsa ya rasu. Duk wanda ya ga hoton nan zai ce ya san mai wannan fuskar a wani zaure a Zariya ko Damagaram.

Akwai kuma Umaru ɗan Sa'idu na Futa Toro, wanda ya yi shekara 25 yana neman ilimi kafin a kama shi a yaƙi, a kawo shi Charleston a 1807 bayan wata ɗaya da rabi a teku. Ya gudu daga mugun ubangida, aka tsare shi a Fayetteville, a North Carolina, inda ya riƙa rubutu da gawayi a bangon kurkuku har mutanen gari suka riƙa zuwa kallo. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, kuma bai fara da sunansa ba, da Suratul Mulk ya fara. Malam, ka yi tunanin bawan da wani mutum ke cewa ya mallake shi, ya buɗe takardarsa da ayar da ke cewa mulki a hannun Allah yake. An shigar da shi coci tun kafin ya yi wannan rubutun, masana suna ta muhawara a kan abin da ke zuciyarsa, Allah ne masani. Ya rasu yana tsoho, yana bawa. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne inda yake ba mai karatu haƙuri, yana cewa ya manta da yawa daga harshensa da kuma Larabci. Na karanta wurin nan ina tuna yaranmu da muke yi wa Hausa suna amsawa da Turanci. Shi an raba shi da masu jin harshensa da ƙarfi. Namu suna da mu a cikin gida.

Rubutun nan nasa yana Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, an sa hotunan shafukansa a intanet, kowa na iya buɗewa a waya. Hannun irin na ƙasashenmu ne, wanda duk ɗan makarantar allo zai gane. Ba su kaɗai ba ne: Abdurrahman ɗan sarkin Timbo ya yi shekara 40 yana bauta kusa da Natchez kafin ya samu 'yanci a 1828, Bilali Muhammad ya bar ɗan littafi da haruffan Larabci a tsibirin Sapelo na Jojiya, Yarrow Mamout ya 'yantu, ya mallaki gida a Georgetown, aka zana hotonsa a 1819.

Sai dai kada mu ba yara rabin labari mu ma. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ayuba sayar da bayi ya je yi aka kama shi, kuma da ya koma gida ya ci gaba da hulɗa da kamfanin Ingila mai wannan cinikin. Cikin mutum miliyan 12 da rabi da aka loda a jirage, mafi yawansu 'yan Afirka ne suka kamo su suka kai bakin teku. Waɗanda aka kawo Arewacin Amurka kai tsaye ba su kai dubu 400 ba, kuma galibinsu daga Senigal da Gambiya, gaɓar Gana, ƙasar Ibo da yankin Kongo da Angola suke. Hausawa sun fi yawa a Bahia ta Birazil, inda yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka tura su, har suka yi ta tayar da bore tun daga 1807. A gida kuma muna da rinji, muna da cucanawa, muna da kasuwannin bayi, kuma sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Wata rana wani ɗan aji, jikan waɗanda aka kawo a jirgi, zai ce wa ɗanka, "Kakanninku ne suka sayar da namu." Gara ya ji gaskiyar daga bakinka tun da wuri, ya san yadda zai amsa da ladabi ba da musu ba, ya kuma san dalilin da ya sa bai kamata ya raina baƙaƙen fatar ƙasar nan ba. Ku gafarce ni, amma ina jin irin kalaman da wasunmu ke yi a kansu a cikin mota da kan tabarma, yara suna saurare. Gwagwarmayarsu ce ta buɗe ƙofofin da muka shigo ta ciki.

Yaƙin neman 'yanci makaranta na koyar da shi sosai, ba sai na daɗe ba: harajin hatimi na 1765, akwatunan shayi 342 da aka zubar a tashar Boston a 1773, harbin farko a Lexington a 1775, shelar 'yanci ta 4 ga Yuli 1776, sulhun Paris a 1783. Abin da za mu ƙara kaɗan ne. Cikin mutum biyar da sojojin Ingila suka kashe a Boston a 1770 akwai Crispus Attucks, mai jinin Afirka da na 'yan asalin ƙasa. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta cewa an halicci mutane daidai, ya mallaki mutum fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. A ƙidayar 1790, cikin mutum miliyan 3.9, kusan dubu 700 bayi ne, kuma tsarin mulkin 1787 ya ƙirga kowane bayi biyar a matsayin uku wajen rabon kujeru. Dubban bayi sun gudu sun bi Ingila saboda ta yi musu alƙawarin 'yanci. Aka kai wajen 3,000 Nova Scotia, a ƙasar Kanada ta yau, daga cikinsu kusan 1,200 suka tsallaka suka kafa Freetown ta Saliyo a 1792.

Duk da haka ba na so yaro ya tashi da ƙiyayyar ƙasar da aka haife shi. Tsarin mulkin nan dai shi ne ya hana a yi wa mai neman muƙamin gwamnati gwajin addini, kuma gyaran farko da aka yi masa a 1791 ya hana gwamnati kafa addinin ƙasa ko hana kowa yin nasa. Masallacin da muke Juma'a, ɗankwalin da 'yarka ke sawa zuwa aji, a ƙarƙashin waɗannan layuka suke samun inuwa. Jefferson ya sayi tarjamar Alƙur'ani a 1765, kuma da wannan kwafin Keith Ellison, Musulmi na farko a Majalisar Wakilai, ya yi rantsuwar bikin kama aiki a 2007. Sarkin Maroko ya buɗe wa jiragen Amurka tashoshinsa tun 1777, aka ƙulla yarjejeniyar abota a 1786. Da yawanmu mun haddace amsoshin jarrabawar zama ɗan ƙasa cikin mako biyu, muka ci, muka manta. 'Ya'yanmu su ne za su yi zaɓe, su zauna a kujerar masu taya alƙali yanke hukunci, su tsaya gaban ɗan sanda. Hadda ba za ta ishe su ba.

Wata dabara da ta yi mini amfani: na riƙa jera mata shekarun can da na gida. A 1754, shekarar da George Washington yana saurayin hafsa ya shiga faɗan da ya kunna yaƙin Ingila da Faransa a Amurka, a ita aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A 1804, da Lewis da Clark, jagororin ayarin binciken da gwamnatin Amurka ta tura, suka kama hanyar yamma, a ita Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. Tun daga nan shekarun suka zauna mata, kuma ta fara tambayata labarin Gobir da kanta.

Roƙona ga iyaye shi ne mu buɗe littafin nan tare da yaran, ko sau ɗaya a mako. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba, ya sa yaron ya karanta ya fassara masa da Hausa; an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya ke nan. Mu riƙa zuwa ranar ganawa da malamai, makarantun gwamnati suna ba da tafinta ga wanda ya nema, mu tambaya cikin mutunci ko za a taɓo Musulmin Afirka da aka kawo ƙasar nan. Ku kuma malamai, Allah ya ƙara muku lafiya, na san lokacinku kaɗan ne kuma yawancinku don Allah kuke yi. Rabin awa nake roƙo, ko sau ɗaya a wata. Ranar da yara suka kai Tabaraka, a buɗe musu shafin Umaru ɗan Sa'idu, su bi ayoyin da yatsa a rubutun hannunsa.

Shugabannin al'umma kuwa, gani ya kori ji. A ƙasan Manhattan, kan titin Broadway, akwai maƙabartar 'yan Afirka ta zamanin mulkin Ingila, wadda aka tono a 1991 ana haƙa harsashin wani ginin gwamnati. An ɗebo gawarwakin mutum 419, da yawansu ƙananan yara, aka sake binne su a 2003 cikin akwatunan da aka sassaƙa da hannu a Gana. Ana ƙiyasin mutum dubu 15 ne ke kwance a wurin. Shiga kyauta ne, kuma jirgin ƙasa ɗaya ne daga Bronx. Muna iya haɗa motoci zuwa ɗaurin aure a Philadelphia, wannan ba zai gagare mu ba. In an sa rana bayan sanyi ya ja baya, ni na ɗauki nauyin rakiyar yara goma da kuɗin jirginsu, kuma ina fatan a samu malami ɗaya da uwa ɗaya da za su zo tare da mu.

Inda na yi kuskure ko na zafafa, ku yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Ɗan uwanku,
uban ɗaliba 'yar aji 7, Bronx, New York